Shaihu Umar da Lalitar Gwamnati

Daga unguwar Gwallaga ta Bauchi zuwa kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ba wata doguwar tafiya ba ce, mai Keke Napep zai sauke mutum tun kafin hira ta kankama. Wanda ya shiga ginin zai fara bi ta wani lungu mai duhu, haske na tsiyayowa kaɗan-kaɗan, har ya ɓullo farfajiyar da babu rufi, inda kabarin yake a sarari. A gefe kuma akwai ɗakin da aka ajiye 'yan kayayyakin da marigayin ya bari. Da kuɗin gwamnati aka yi ginin, aka buɗe shi a 1979. 'Yan makaranta kan zo a jere su ji tarihin Firayim Minista na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne mutumin marubuci ne tun kafin ya shiga siyasa, kuma hanyar da littafinsa ya bi cikin shekara tamanin da 'yan kai ta isa ta haska mana wata tambaya da ake ta kewayewa a ƙasar nan: ya dace gwamnatin tarayya ta kashe kuɗin jama'a a kan fasaha? In ya dace, ta wace ƙofa kuɗin ya kamata ya fita?

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka sa gasa. Matsalar da ke gabansa a fili take: an koya wa yara karatu a makarantu, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Shaihu Umar na wani matashin malamin Midil ta Bauchi da bai daɗe da baro Kwalejin Katsina ba, wato Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labari ne na bauta da rabuwar ɗa da uwa da ƙetare hamada, wanda ya buɗe a Rauta, kusa da birnin Bauchi. A wancan lokaci babu ɗan kasuwar da zai zuba jari a kan irin wannan littafi, don masu karatun boko ba su taka kara sun karya ba. Hukuma ce ta biya lada, ta gyara, ta buga, ta kai makarantu. Ita ce dai ta fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan hukumar NORLA ta yi aikinta a shekarun 1950. Ko bayan 'yanci an sake gwada dabarar, domin gasar Sashen Al'adu na Tarayya ce ta haifar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Mohammed Bello, waɗanda suka fito a 1982. Duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya ci moriyar wannan kuɗi, ko ya sani ko bai sani ba.

Shaihu Umar ya sake shiga hannun gwamnati a karo na biyu. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sannan a 1976 Adamu Halilu ya shirya shi fim da Hausa, da kuɗin gwamnatin tarayya, a shirye-shiryen bikin FESTAC na 1977. Lokacin kuɗin mai ne, hannu a sake yake. Da biki ya watse, fim ɗin ya ɓace daga idon jama'a, har aka daɗe ana ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano faya-fayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, bayan bin diddigin da su Didi Cheeka suka yi. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ce ta gyara shi ta mai da shi na kwamfuta, da tallafin gwamnatin Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ga yadda lissafin ya tsaya ke nan: kuɗin jama'a ne ya haifi littafin, kuɗin jama'a ne ya haifi fim ɗin, rashin ɗan abin da za a kula da ma'ajiya ya kusa hallaka shi, sai harajin da Bajamushe ya biya ne ya ceto shi. Wannan abin godiya ne ga waɗanda suka yi, abin kunya ne kuma gare mu.

Saboda haka gardamar ko gwamnati ta sa hannu a fasaha ko kada ta sa ta zo a makare, don ta riga ta sa, kuma tana kan sawa kowace shekara. Akwai Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa tun 1975, wadda ke shirya bikin NAFEST. Akwai Hukumar Fina-finai da Hukumar Gidajen Tarihi tun 1979. An rubuta manufar al'adu ta ƙasa a 1988. A 2023 ma aka ware wa fannin ma'aikata tasa, aka ba Hannatu Musawa, sannan a farkon 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai. Hukumomi dai ba a rasa su ba. Abin dubawa shi ne inda kuɗin ke sauka, kuma mafi yawansa yana ƙarewa ne a albashi da ofis da gini da biki. Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu a Legas an kammala shi a 1976, aka bar shi ya lalace, har aka miƙa gyaransa ga Babban Banki da kwamitin bankuna a 2020, aka kashe biliyoyin naira, aka sa masa sunan Wole Soyinka. Gyaran ya yi kyau, babu mai musu. Amma gini da biki suna da farin jini a wurin masu mulki ne saboda ana yanka ƙyalle a ɗauki hoto, ana kuma ba da kwangila. Kula da ɗakin ajiye faya-faye don kada zafi da laima su cinye su, ko biyan edita ya zauna wata uku a kan littafi ɗaya, aiki ne da ba ya fitowa a labaran ƙarfe tara. Ra'ayina shi ne irin wannan aikin shiru ne ya fi cancantar kuɗin baitulmali, domin shi ne kasuwa ba za ta taɓa biya ba, kuma shi ne in an bar shi ya wuce ba ya dawowa.

A 'yan shekarun nan gwamnati ta koma kallon fasaha a matsayin sana'ar kawo riba, ta riƙa fito da rance. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta sanar da asusun dala miliyan 200 a 2010, sannan a 2013 ta ware naira biliyan uku ga masu fim. A 2019 Babban Banki ya fito da shirin rance ga masu fim da waƙa da ɗinki da fasahar kwamfuta, da ruwa na kashi 9 cikin ɗari, ta hannun bankunan kasuwanci. Mai gidan sinima a Legas, wanda ke da rajistar kamfani da akanta da abin jingina, zai iya cin gajiyar irin wannan. To, a auna shi da yarinyar da ke zaune a Gwallaga tana rubuta labari a wayarta da daddare bayan ta gama aikin gida, tana tura wa masu karatu shafi-shafi ta WhatsApp, su turo mata 'yan ɗaruruwa. Ba ta da takardar fili, ba ta da kamfani, kuma maganar ruwa kaɗai ta isa ta mai da ita daga bakin ƙofa. Ko a cire ruwan, rance dai rance ne, sai an biya. Abin da take buƙata edita ne da zai gyara mata ƙa'idojin rubutu ya nuna mata inda labarin ya yi sako-sako, da maɗaba'a, da hanyar da littafin zai shiga ɗakunan karatu. Abin da East ya yi wa Abubakar Imam da Abubakar na Bauchi ke nan, kuma ba da rance ya yi ba.

Za a ce ai kasuwa ta nuna tana iyawa, kuma wannan hujja ce mai nauyi. Adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 ba tare da sisin gwamnati ba, mata da matasa suka riƙa buga littattafansu da kuɗin adashi. Kannywood ta taso daga 1990 da jarin 'yan kasuwa, ta ciyar da dubban gidaje. Shata da Ɗan Maraya Jos ba su cike fom ba kafin su yi suna. Duk gaskiya ne, kuma abin da kasuwa ke ɗauke da shi a bar mata, gwamnati ba ta da dalilin biyan kuɗin fim ɗin da zai mai da jarinsa a YouTube. Sai dai kasuwa tana sayen abin da mutane da yawa ke so yau ne, ba ta da ruwa da jiya, ba ta da ruwa da 'yan tsiraru. Jihar Bauchi na cikin wuraren da suka fi yawan harsuna a ƙasar nan, kuma da yawa daga cikinsu Hausa na haɗiye su. Gerawa na nan kewayen birni, harshensu na ja da baya a bakin yara. Wace kasuwa ce za ta tura mutum da na'urar ɗaukar magana ya zauna da tsohuwar da ta rage tana riƙe da waƙoƙin daka da na biki na mutanenta? Wace kasuwa ce za ta yi wa gidan Madaki na Kafin Madaki yaɓe kafin damina, ginin Babban Gwani da aka sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956? Zanen da ke jikin duwatsun Geji fa, da kundayen ajami da gara ke ci a zaurukan malamai? Hatta finafinan Kannywood na farko, da aka ɗauka a kaset, da yawansu ba a san inda ainihin kwafinsu yake ba, don ɗan kasuwa ba shi da dalilin ajiye abin da ya gama sayarwa. Ya kamata kuma a tuna cewa wasu abubuwan da ake ɗauka na kasuwa ne, kuɗin wata gwamnati ne ya ɗora su. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta fara ne da tallafin gwamnatin Amurka. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda tun 2016 take fito da marubuta mata, ta kafar Ingila ce. Babbar kyautar adabi ta kamfanin NLNG, mai dala dubu ɗari, ta masu rubutu da Ingilishi ce. In muka ce gwamnatinmu ta tsame hannunta, wasu ne za su ci gaba da zaɓar abin da za a raya cikin al'adunmu, gwargwadon abin da ya dame su.

Hujja ta biyu ta fi taɓa zuciya: ana fama da yunwa da tsadar rayuwa da rashin tsaro, yara na yawo ba makaranta, asibiti ba magani, wa ke ta kiɗa da littafi? Ba na raina wannan magana, kuma da a ce zaɓin tsakanin allurar rigakafi ne da gasar rubutu, da babu abin tattaunawa. Amma kuɗin da ake magana a kai ɗan kaɗan ne in aka jera shi da kasafin ƙasa, kuma mafi yawansa ana kashe shi tuni, juya akalarsa kawai ake nema. Abin da ake kashewa wajen kwasar tawagogi zuwa biki ɗaya, da otal da alawus da anko, zai buga littattafai masu yawa. Sannan raba ilimi da fasaha kuskure ne tun daga tushe. Yaron da aka koya wa haɗa baƙi da Hausa a firamare, in bai sami labarin da zai ja shi ya karanta da kansa ba, karatun zai zube. Matsalar 1933 ce ba ta gushe ba.

A Gwallaga, unguwar da masallacinta ya yi suna wajen wa'azi da tafsiri, akwai wata tambaya da dole a fuskance ta da girmamawa: kuɗin al'umma ne za a ba masu rawa da kiɗa? A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da gina alƙaryar fim ta naira biliyan uku a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji a Kano, malamai da jama'a da dama suka yi ca, aka janye aikin cikin 'yan kwanaki. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa Arewa ba ta son fasaha. Ni abin da na gani shi ne aikin da aka yanke a sama aka sauko da shi, ba a zauna da mutanen da za a gina shi a cikinsu ba, kuma shi ma gini ne, irin wanda aka saba fifitawa. Kalmar fasaha ta fi rawa faɗi nesa ba kusa ba. Mai rubuta Alƙur'ani da hannu, da tawada da alƙalamin kara, yana ƙawata shi da zayyana, mai fasaha ne. Maginin da ya iya ɗaure bakan gizo a soro, da baduku, da mai ɗinkin aska takwas, masu fasaha ne. Shehu Usmanu da Nana Asma'u da waƙa suka isar da karatu ga waɗanda ba su jin Larabci. Asusun da aka tsara da hankali zai iya ɗaukar adana rubuce-rubucen malamai da horar da magina kamar yadda zai ɗauki wasan kwaikwayo. Ba za a daina saɓani a kan wasu ayyuka ba, kuma ba kowa zai gamsu da duk abin da aka tallafa ba, kamar yadda ba kowa ke bin kowace hanyar da aka gina da harajinsa ba. Abin da ake bin gwamnati shi ne a yi muhawarar a fili, kafin a kashe kuɗi.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta masu cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tarihinmu ya san wannan sarai. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun yi waƙoƙin da har gobe ake nazari a jami'a, amma a inuwar iyayen gidansu suka yi su, doki da riga da gona na zuwa daga wanda ake yabo. Yau ɗan siyasa ne ya gaji wannan kujera, shi ya sa lokacin zaɓe ya zama kakar mawaƙa, mota ta maye gurbin doki. Hukumar East ma tana da irin labarin da take so da wanda ba ta so. A nan Bauchi kuwa muna da ma'auni mai kyau, wato Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, wanda da waƙa da muhawara ya tsaya gaban Turawa da sarakuna ya faɗi abin da ba su son ji. Duk tsarin tallafin da mutum irinsa ba zai iya nema ya samu ba, yabo yake saye. Maganin da wasu ƙasashe suka samo shi ne a nisanta hannun mai mulki daga rabon. Ingila ta kafa majalisar fasaha a 1946, bisa jagorancin masanin tattalin arziki John Maynard Keynes, a kan ƙa'idar cewa gwamnati ta ba da kuɗi amma masana fannin su zaɓi wanda za a ba. Amurka ta kafa nata asusun a 1965. Ba su tsira daga rigima da katsalandan ba, kuma a ƙasar da sanayya ke buɗe kowace ƙofa haɗarin ya fi haka. Duk da haka ana iya rage shi: alƙalai masu wa'adi, a bayyana sunayensu, a karanta rubutu ba tare da sunan mai shi ba, a buga jerin waɗanda suka samu da adadin da aka ba kowa, a kuma nuna aikin da ya fito. Hanyar da ake bi yanzu, ta kyautar ambulan bayan an yi wasa a gaban manya, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Saura maganar inda kuɗin zai fito, kuma a nan ba sai mun je nesa ba. Tun 1991 gwamnatin Janar Babangida ta yi dokar kafa asusun tallafa wa fasaha na ƙasa, kuma shekara da shekaru ƙungiyoyin marubuta da na masu wasan kwaikwayo suna kiran a raya shi, don bai zama abin da mai fasaha zai nema ya samu ba. Kusan lokaci guda, a 1993, aka yi dokar harajin ilimi, wadda ta ɗora kashi 2 cikin ɗari a kan ribar kamfanoni, ta zama TETFund a 2011. Wanda ya zaga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko kwalejojin kimiyya da fasaha na garin nan zai ga sunan asusun a jikin gine-gine. TETFund na da nata kurakuran, amma ta rayu saboda doka ta haƙa mata rijiyarta, ba ta jiran yayyafin kasafi. Faransa ma tun 1948 take cire wani kaso daga kuɗin tikitin sinima tana mai da shi ga shirya fim. Ingila ta ƙara da kuɗin caca, wanda bai dace da mu ba, kuma ba mu buƙatarsa. Ɗan ƙaramin kaso daga abin da gwamnati ke karɓa a hannun kamfanonin sadarwa da na talla, waɗanda waƙa da fim ke cika musu aljihu, zai wadatar, matuƙar doka ta ƙayyade cewa abin da zai tafi ofis da albashi kaɗan ne, ta hana a gina sakatariya da shi, ta kuma ware rabon kowace shiyya da na harsunan gida.

Sai kuma ƙofar nema ta zama wadda mutumin Gwallaga zai iya shiga. Fom da Hausa, wanda za a iya cikewa a waya ko a karɓa a ɗakin karatu na jiha. Tallafi ƙanana masu yawa, maimakon manya 'yan kaɗan da ke ƙarewa a hannun masu lauya. Gasar rubutu a harsunan ƙasa kowace shekara, tare da alkawarin bugawa da saye wa makarantu. Albashi ga masu kula da ma'ajiya, da wutar da ba ta yankewa a ɗakin faya-fayen Hukumar Fina-finai na Jos, da kuɗin mai da tsofaffin kaset na Rediyon Kaduna da na gidajen rediyon jihohi zuwa kwamfuta tun muryoyin da ke ciki ba su goge ba. Fim ɗin Shaihu Umar kuwa an riga an gyara shi, yana nan da hotonsa da sautinsa. Majigi da janareta da farin ƙyalle da motar da za ta zaga sun isa a kai shi makarantun sakandare na Bauchi da Azare da Misau da Ningi, yaran da ke karanta littafin su zauna su kalle shi da harshensu.